Koyon Riƙo da Koyon Lura: Horo Biyu a Gidajen Kulawa na Ingila

A daren 31 ga Mayu, 2011, shirin Panorama na BBC ya nuna wa mutanen Birtaniya abin da wani ɗan jarida ya ɗauko a ɓoye cikin mako biyar da ya yi yana aiki a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da birnin Bristol. Gado 24 ne a wurin, masu kwana a kansu kuwa manya ne masu nakasar ƙwaƙwalwa ko lalurar galahanga. An ga ma'aikaci ya tokare mace a ƙasa da kujera ya zauna a kai. An ga an sheƙa wa mace ruwan sanyi an bar ta a waje tana karkarwa. An ga mari, an ga tsokana da gangan har sai mutum ya hasala, sannan a taru a danne shi. Duk mako hukuma na biyan kusan fam 3,500 a kan kowane mutum ɗaya. Ba a yi wata guda ba aka rufe asibitin. Ma'aikata 11 suka amsa laifinsu a kotu, aka ɗaure shida daga cikinsu a watan Oktoba na 2012.

Mugunta irin wannan kotu ta riga ta yi mata hukunci. Abin da ya tsaya mini a rai yana cikin rahoton binciken da Margaret Flynn ta jagoranta, wanda ya fito a watan Agusta na 2012. Takardun kamfanin da ya mallaki asibitin sun nuna an danne majinyata sau 379 a shekarar 2010, da sau 129 a wata ukun farko na 2011, a gidan da bai wuce mutum 24 ba. Rahoton ya kuma lura cewa horon da ake bai wa ma'aikatan ya karkata ne wajen dabarun riƙe mutum, ba a damu da koya musu zama da shi ba. Ashe dai mutanen nan an horar da su. An koya wa hannuwansu aiki, aka bar idanunsu da kunnuwansu yadda suka zo da su daga gida. Tun daga lokacin ake ta kai-kawo a Ingila kan wane horo ya kamata ya zama ginshiƙin aikin mai kula: koyon yadda za a riƙe mutum idan ya birkice, ko koyon gano abin da ke birkita shi.

Kafin a ɗora su a ma'auni, ya kamata a san waɗanda ake magana a kansu, domin a wurinmu kalma ɗaya ake jefa wa kowa. Waɗannan ba masu taɓin hankali ba ne, ko da yake ciwon na iya samun wasunsu kamar yadda yake samun kowa. Mutane ne da aka haifa, ko suka tashi tun ƙuruciya, da ƙwaƙwalwar da ke koyo a hankali ko take karɓar duniya ta wata hanya dabam. Wani yana magana sarai amma lissafin kuɗi da na lokaci na ba shi wuya. Wani shekararsa arba'in bai taɓa furta kalma ba. Wani kuwa ƙugin firjin da kai ba ka ma ji, shi yana sukar kunnensa kamar allura. Binciken Eric Emerson da abokan aikinsa a Ingila ya nuna kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu nakasar ƙwaƙwalwa ne ke nuna halin da ke wahalar da masu kula da su: duka, cizo, fasa kaya, buga kai da bango, yagar fatar jiki. Sauran lafiya lau ake zaune da su. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin ake shirya horon dominsu, su ne kuma suka fi shan wuya idan horon ya karkace.

Horo na farko, bari in kira shi horon riƙo, asalinsa gidan yari ne. A farkon shekarun 1980 hukumar gidajen yarin Ingila ta tsara yadda gandirobobi uku za su kame fursunan da ya tayar da hankali. Ɗaya ya riƙe kai, biyu su riƙe hannuwa, a murɗe wuyan hannu yadda zafi zai sa mutum ya sallama. Daga can dabarar ta shiga asibitoci masu tsananin tsaro irin su Broadmoor, daga nan ta gangaro zuwa sauran asibitoci da gidajen kulawa. An yi mata gyare-gyare da yawa a hanya. Yawancin kwasa-kwasan yau sun jingine murɗar gaɓoɓi, sun ƙara darasin lallashi da sassauta murya. Amma tambayar da take amsawa tana nan yadda take: abu ya riga ya ɓaci, yanzu yaya za a yi da jikin mutumin nan?

Rashin adalci ne a ce horon nan ba shi da amfani. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙato ɗan shekara 25 da ya damƙi gashin abokiyar aikinsa ya ƙi saki, ko ya zabura zai faɗa titi motoci na gudu, ya san akwai lokacin da lallashi ya makara. A irin wannan lokaci ma'aikacin da ba a koya wa komai ba shi ya fi kowa haɗari, domin tsoro ne zai yi masa jagora: zai shaƙe wuya, zai hau ƙirji, zai rama duka. Wanda aka koya wa ya san yadda zai zare hannunsa daga bakin mai cizo ba tare da ya ji masa ciwo ba, ya san inda ba a taɓawa, ya san ana ware mutum ɗaya ya tsaya yana duban numfashi da launin leɓe. Ga shi kuma horon yana da saurin koyuwa. Kwana biyu ko uku a babban zaure, a shimfiɗa katifu, a gwada, a ba da takardar shaida. Mai gidan ya sami abin nuna wa masu bincike da kamfanin inshora, ma'aikaci ya koma bakin aiki gabansa ba ya faɗuwa kamar da.

To amma a zauren gwaji abokin aikinka ne ke kwance, da ya ji zafi zai ce ka sassauta, ka sassauta. A ɗakin kwana da ƙarfe biyun dare labarin ya sha bamban. Idan aka kwantar da mutum rub-da-ciki aka ɗora nauyi a bayansa, haƙarƙarinsa ba sa buɗewa, cikinsa ya tokare tantanin da ke jawo numfashi, ga shi kokawa ta sa jikinsa na neman iska fiye da kullum. Yana ƙara mutsu-mutsu don ya shaƙa, masu riƙo na ɗauka taurin kai ne suna ƙara dannewa. Idan ya yi laƙwas sai a ce ya huce. Haka David Bennett, mai shekara 38, ya mutu a wani asibitin masu taɓin hankali a Norwich a watan Oktoba na 1998, bayan an danne shi rub-da-ciki na kusan minti 25. A cikin watan nan dai jaridar Hartford Courant ta Amurka ta wallafa bincikenta, inda ta ƙirga mutum 142 da suka mutu cikin shekara goma yayin da ake danne su ko aka kulle su su kaɗai, a asibitoci da gidajen kulawa na ƙasar. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu yara ne.

Akwai wata ɓarnar da ba ta kai ga makabarta, ita ce ta fi yawa. Ma'aikacin da abu ɗaya tak aka koya masa, shi zai jawo, ko an kai ga buƙatarsa ko ba a kai ba. Dabarar da aka ce ta ƙarshe ce sai ta zama ta farko. Mutum ya ƙi tashi daga kujera, a riƙe shi. Ya ƙi shiga wanka, a riƙe shi. Shi kuma yana koyon nasa darasin: idan mutum biyu suka doso shi tare, zafi ne ke tafe, gara ya riga su kai hannu. Sai a rubuta a littafi cewa halinsa na ƙara muni, a nemi ƙarin ma'aikata masu ƙarfi. Kowane dannewa yana shuka na gaba, kuma da yawa daga cikin mutanen nan an sha cin zalinsu tun suna yara, hannun da ya sauka a kafaɗarsu yana tayar da tsohon miki.

Riƙo yana da ɗan'uwa wanda ba ya barin tabo a fata, wato ƙwaya. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa manya 30,000 zuwa 35,000 masu nakasar ƙwaƙwalwa ake bai wa magungunan taɓin hankali ko na ciwon damuwa alhali ba su da ciwon da aka yi maganin dominsa. Tun a 2008 Peter Tyrer da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji a mujallar Lancet. Sun raba mutum 86 masu yawan kai duka gida uku: wasu aka ba su risperidone, wasu haloperidol, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako huɗu duka ya ragu a kowane rukuni, amma inda ya fi raguwa shi ne wajen masu shan ƙwayar wofi. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, da zarar an fara zuwa ana duba mutum, ana tambayar yadda ya kwana, wani abu na sauyawa a gidan, kuma wannan abin ba a cikin kwalba yake ba.

Nan ne ƙofar horo na biyu, wanda zan kira horon lura. A can ana taƙaita sunansa da haruffa uku, PBS, ma'anarsa kuwa tallafa wa mutum ta hanyar kyautatawa har halinsa ya daidaita. Tushensa magana ce da Bahaushe ya daɗe da sani, ruwa ba ya tsami banza, sai dai masana sun zauna sun gwada ta. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a Amurka suka fito da hanyar gano abin da ke sa mutum cutar da kansa: a sauya yanayi ɗaya bayan ɗaya, a ga a wanne abin ke ƙaruwa. A 1994 suka tattara sakamakon mutum 152. Kimanin kashi 38 cikin ɗari suna yi ne don su kuɓuta daga wani abu da aka matsa musu ko ya dame su. Kashi 26 don a kula su ko a ba su wani abu da suke so. Kusan kashi 26 kuma don abin da jikinsu ke ji idan sun yi. Waɗanda aka kasa gano dalilinsu ba su kai kashi 5 ba. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka ɗora wani tubalin: suka koya wa yara 'yan kalmomin da za su nemi taimako ko su nemi a dube su, sai duka da ihu suka faɗi warwas. Yaron ya sami hanya mai sauƙi zuwa abin da yake nema, me zai kai shi mai wuya?

A ɗauka ga wani saurayi a gidan kulawa, ba ya magana, kullum da yamma sai ya yi ta buga kansa da ƙofa, wanda ya matso ya sha yaguni. Masu horon riƙo za su shirya: mutum biyu su tsaya kusa da la'asar, da ya fara a kama hannuwa, a zaunar da shi har ya lafa. Za su yi daidai yadda aka koya musu, gobe kuma su sake. Masu horon lura za su ɗauki takarda su yi mako biyu suna rubuta abu uku duk lokacin da abin ya faru: me ake ciki kafin ya fara, me ya yi, me ya biyo baya. Za su tambayi mahaifiyarsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za su kai shi a duba haƙori da kunne da ciki, saboda ciwon haƙori da taurin bayan gida da ƙwannafi suna cikin abubuwan da suka fi ɓuya a jikin wanda ba ya iya cewa nan ke mini ciwo. Wataƙila takardar ta nuna cewa abin na zuwa ne daidai lokacin sauyin ma'aikata, sa'ad da falo ke cika da surutu, talabijin na ihu, ana buga tukwane a kicin, kuma duk ranar da ya buga kai ana kai shi ɗakinsa inda babu hayaniya. Ashe su da kansu suka koya masa cewa kuɗin shiga ɗakin shiru shi ne goshinsa.

Daga nan aikin ya zama na gyaran gida da koyarwa. A rage sautin talabijin, a mayar da miƙa aiki ofis. A raka shi lambu ko ɗakinsa minti goma kafin hayaniyar ta tashi. A ba shi kati mai hoton ɗakinsa, a koya masa miƙa shi a lokacin da hankalinsa ke kwance, kuma duk sa'ad da ya miƙa a amsa nan take, ko da ana tsakiyar cin abinci. A koya wa kowane ma'aikaci alamominsa na farko, domin labarin zuciya a tambayi fuska: yadda yake soma girgiza jiki, yadda yake toshe kunne. A cika masa yini da abin yi na gaske, ya taya wanke kwano, ya zuba wa shuka ruwa, ya fita kanti. Marigayi Jim Mansell na Jami'ar Kent, wanda ya rubuta wa gwamnati rahoto kan wannan a 1993 ya sabunta shi a 2007, ya kwashe rayuwarsa yana nuna cewa yawancin wunin mazauna irin waɗannan gidaje zaman banza ne, ba mai yi musu magana sai in sun yi ɓarna. Wanda aka bari haka tun safe, ba abin mamaki ba ne ya gano cewa fasa taga na kawo mutane da gudu. Tsarin kuma ba ya rufe ido ga ranar da komai zai ƙi: yana rubuta abin da za a yi, a janye sauran mutane, a ba shi fili, a cire abin da zai ji ciwo da shi, riƙo ya zo can ƙarshe idan rai ko lafiya na cikin haɗari.

Da zan tsaya a nan da na yi wa mai karatu rowar rabin gaskiya. Horon lura yana da nauyi, kuma yana da saurin lalacewa. Sai kowa ya bi shi, mai aikin safe da mai aikin dare da wanda aka ɗauko haya na kwana ɗaya. Mutum ɗaya ya yi biris da katin nan sau biyu, saurayin ya koma ga ƙofa, domin ita ba ta taɓa ƙin amsa masa ba. Yana cin makonni kafin a ga sauyi, ma'aikaciyar da aka yaga jiya kuwa yau take son mafita. Sannan yana iya zama tarin takardu a cikin kabad. Gwaji mafi girma da aka yi masa a Ingila, wanda Angela Hassiotis ta jagoranta aka wallafa a 2018, ya haɗa tawagogin ma'aikatan lafiya 23 da mutum 246. An bai wa ƙwararru daga rabin tawagogin horon kwana shida, aka sa ido shekara guda. Sakamakon ya sanyaya gwiwar masu goyon bayan tsarin: babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin waɗanda masu kula da su suka sami horon da waɗanda ba su samu ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar yawancin mutanen ba a yi musu cikakken tsarin ba. Waɗanda aka horar sun koma sun iske aikinsu na kullum na jiransu, ba a rage musu komai ba.

A wannan shekarar dai Peter McGill da abokan aikinsa na Jami'ar Kent suka wallafa wani gwajin a gidaje 24. Su ba su tara mutane a aji suka sallame su ba. Sun shiga gidajen ne suka yi watanni suna komawa, suna zama da shugaban gida da ma'aikatansa, suna gyara abubuwa ɗaya bayan ɗaya: abin da mazauna ke yi da wuninsu, yadda ake magana da su, lafiyarsu, tsarin ɗakuna, zumuncinsu da danginsu. A gidajen da aka yi wa haka, halin da ake kuka da shi ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kuma da aka dawo bayan fiye da shekara raguwar tana nan. Gwajin ƙarami ne, amma idan aka jera shi da na farko, darasin a fili yake.

A nan ne, a ganina, ainihin bambancin horon biyu yake, kuma shi ya sa na farko ke cin kasuwa. Riƙo ana iya koyonsa a zaure. Lura kuwa sana'a ce irin ɗinki ko ƙira, a gefen gwani ake koyonta, yana kallonka kana yi, yana cewa ka yi saurin magana, ka tsaya masa a ka, ba ka ga ya kawar da fuska ba? Gidan da shugabansa ke kulle a ofis yana cike takardu ba zai taɓa samun wannan ba, ko an tura ma'aikatansa kwas goma. Ga kuma matsalar da ta fi ƙarfin kowane malami: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan kulawa a Ingila ke barin aikinsu duk shekara, albashin da yawansu bai ɗara mafi ƙarancin da doka ta yanke da wani abin kirki ba. Sanin mutum ɗaya da ba ya magana na iya cin wata shida. Ranar da wadda ta san shi ta koma aikin kanti, sanin ya bi ta, takardar shaidar riƙo kuwa sabon ɗauka zai same ta cikin kwana uku.

Gwamnati ta yi nata yunƙurin. A 2014 ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'idar da ta hana a shirya danne mutum rub-da-ciki da gangan. A 2016 aka ƙaddamar da shirin rage ɗura wa mutanen nan magunguna. A 2019 aka fitar da ma'aunin da ke cewa duk mai koyar da riƙo sai ya fara koyar da rigakafi da lallashi kafin ya kai ga hannu. Amma a watan Mayu na 2019 ɗin, shekara takwas bayan Winterbourne View, Panorama ta sake shiga da kyamara a ɓoye, wannan karon Whorlton Hall a arewa maso gabashin Ingila, wurin da hukumar sa ido ta taɓa ba shi shaidar yana da kyau. Aka ga ma'aikata maza na taruwa kan macen da suka san tsoron maza take ji. Sun lura da ita sarai, sun san abin da ke firgita ta, da shi suka yi mata azaba. A 2023 kotu ta sami huɗu da laifi. Wannan ya ishe mu sanin iyakar kowane horo: inda ƙofa ke rufe, dangi na nesa, ba mai shigowa ba zato, ilimi ma makami ne. Tun bayan Winterbourne View an yi alkawarin fitar da duk wanda bai kamata ya zauna a irin waɗannan asibitoci ba kafin Yunin 2014, amma shekara goma bayan wa'adin kimanin mutum 2,000 na ciki.

Sauyin da ya fi ba ni fata daga wata uwa ya fito. Oliver McGowan ɗan shekara 18 ne mai galahanga da farfaɗiya da 'yar nakasar ƙwaƙwalwa mara tsanani. Ya rasu a wani asibitin Bristol a watan Nuwamba na 2016, bayan an ba shi maganin taɓin hankali da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi, domin sun ga yadda irinsa ya taɓa yi masa. Mahaifiyarsa Paula ba ta zauna ba har sai da doka ta wajabta, daga 1 ga Yuli, 2022, cewa duk ma'aikacin lafiya da na kulawa a Ingila ya sami horo kan nakasar ƙwaƙwalwa da galahanga. Horon da gwamnati ta fi so a bi yana ɗauke da sunan ɗanta, kuma cikin masu koyarwa dole a sami masu lalurar da kansu. Ma'aikacin da ya zauna ya saurari wanda aka taɓa dannewa yana ba da labarin yadda abin yake daga ƙasa, da wuya ya sake ɗaukarsa aikin hannu kawai.

Hukuncina dai bai raba su daidai ba. Horon lura shi ne aikin, shi ya cancanci mafi yawan lokaci da kuɗi, a kuma yi shi a cikin gida tare da shugaban da ke fitowa falo. Horon riƙo a bar shi ƙarami, a koyar da shi bayan wancan, ga waɗanda ke kula da mutumin da aka tabbatar yana buƙatarsa, a cire duk abin da ke sa zafi ko ke taɓa numfashi. Duk ranar da aka yi amfani da shi a rubuta, a sanar da dangi, a zauna a tambayi abin da aka kasa gani tun da wuri. Gidan da adadin riƙonsa ba ya raguwa daga shekara zuwa shekara, horonsa bai yi aiki ba, komai kyan takardunsa.

Maganar nan ta Ingila ce, amma ta iso ƙofarmu ta hanya biyu. Bayan da aka buɗe wa masu aikin kulawa bizar Birtaniya a watan Fabrairu na 2022, Najeriya ta kasance cikin ƙasashe uku da mutanensu suka fi tururuwa, tare da Indiya da Zimbabuwe, kuma da yawansu a irin waɗannan gidaje suke kwana suna aiki. A gida kuwa mun san mari da sasari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Da yawansu an kai su ne don shaye-shaye ko kangara, amma tunanin ɗaya ne da wanda ke sa a ɗaure yaro mai galahanga a turke a bayan gida: ya gagara, a riƙe jikinsa. Iyayen da ke yin haka galibi gajiya ce da rashin mai nuna musu wata hanya.

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke wannan aiki, a Leeds kake ko a Kano, idan aka tura ka kwas ɗin riƙo ka je ka koya da kyau, wata rana zai iya ceton rai. Amma da ka dawo ka nemi tsarin kula da kowane mutum da ke hannunka ka karanta, in babu ka tambayi dalili. Ka nemi lambar mahaifiyarsa ko yayarsa ka ji abin da yake so da abin da yake tsoro. Ka sa takarda a aljihu ka riƙa rubuta abin da ya faru minti goma kafin ya birkice. In kuma ka ga ana danne wani rub-da-ciki, ka ce a ɗaga shi a lokacin, sannan ka kai rahoto, ko da kai ne sabon zuwa a gidan.